Darasi na Bakwai: Nauyin Mota, Lasin Tuƙi da Jan Tirela

A jikin kowace mota akwai wani ɗan faranti na ƙarfe, ko takarda mai sheƙi, wanda kamfanin da ya ƙera ta ya liƙa. Galibi yana jikin ginshiƙin ƙofar direba, daidai inda ƙofar take rufewa. A wasu motocin kuma sai an ɗaga bonet. Sai mutum ya shekara goma yana tuƙa mota bai taɓa sunkuyawa ya goge ƙurar da ta rufe wannan faranti ba. Alhali alƙaluman da ke kansa su ne suke faɗin irin lasin da ya kamata direba ya riƙe, da rukunin da za a yi wa motar rajista, da abin da aka yarda a ɗaura mata a baya.

Ku fara riƙe wannan: hukuma ba ta tambayar abin da inji zai iya ja. Ba ta kuma tsaya ga abin da ke cikin motar yau kaɗai ba. Abin da take fara dubawa shi ne iyakar nauyin da aka rubuta wa motar. Gingimari ko fanko take tafiya, gingimari ce, kuma lasin babbar mota take nema.

Abin da farantin yake faɗi

Nauyi na farko shi ne na motar ita kaɗai, da manta da ruwanta, babu mutum babu kaya. Wannan a littafin motar aka fi samunsa. Na biyu shi ne iyakar nauyin da aka yarda ta kai idan an haɗa komai: ita kanta, direba, fasinja, kaya, safaya, jarkar mai, har da akwatin sifana. A motocin da aka shigo da su daga Amurka za ku ga haruffan GVWR a gaban wannan adadi. A takardun ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kamar Nijar, PTAC ake rubutawa. Idan kuka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne abin da motar za ta ɗauka.

Motocin da suka fito daga Turai, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam, farantinsu ya fi sauƙin karantawa. Ƙarƙashin lambar shasi akwai alƙaluma huɗu a jere, sama da ƙasa. Na sama shi ne iyakar nauyin motar. Na biyu, wanda ya fi kowanne girma, shi ne iyakar nauyin mota da tirelarta a haɗe. Na uku abin da aksul ɗin gaba zai ɗauka, na huɗu na aksul ɗin baya. Mai niyyar jan wani abu, layi na biyun nan ne nasa.

A kula da motocin Amurka, domin suna kawo adadin a ma'auni biyu, KG da LB. Na farko kilo ne, na biyu fam ne, kuma fam ɗaya bai kai rabin kilo ba. Wanda ya ga 6,000 ya ɗauka kilo ne, alhali fam ne, ya ba motarsa fiye da ninkin abin da za ta iya, domin fam 6,000 kilo 2,720 ne da 'yan kai.

Ita ma tirela, in ta kamfani ce, tana da nata farantin a jikin sandar da ake maƙala ta. Matsalarmu a nan ita ce yawancin ƙananan tirelolin da ake gani a garuruwanmu aikin mai walda ne: a samo tsohon aksul, a ɗora masa bodi, a yi masa ƙugiya. Aikin yakan yi ƙwari, ba a raina masu yinsa ba, amma babu wanda ya auna ya ce ga iyakarta. Mai irin wannan tirela ya kai ta sikeli tana fanko ya san nauyinta, sannan ya karanta abin da aka rubuta a gefen tayoyinta, domin kowace taya tana ɗauke da iyakar abin da za ta jure.

Mu yi lissafi

Ga misali da alƙaluman da muka ƙaga domin darasi. Wani manomi yana da akori-kura. Nauyinta fanko kilo 1,950, iyakar nauyinta 2,900, iyakar mota da tirela a haɗe 5,200. Ya ari tirela mai iyakar kilo 2,500, wadda nauyinta fanko 600 ne. Taki zai ɗauko, buhu mai kilo 50.

Abin da akori-kurar za ta ɗauka shi ne 2,900 a cire 1,950, saura 950. Shi da yaransa biyu, a ce kilo 210, saura 740. Sai wani nauyi da mutane suke mantawa da shi: goshin tirela yana danna ƙugiyar mota, kuma wannan dannawar a wuyan motar take. A ce kilo 100 ne, saura 640. Ke nan buhu 12 za su shiga bayan motar, kilo 600. Tirelar kuwa, 2,500 a cire 600, saura 1,900, wato buhu 38.

Manomi ya ga buhu 50 cif, ransa ya yi fari. Amma bai gama ba. A haɗa duka: mota 1,950, mutane 210, takin bayan mota 600, tirela da kayanta 2,500. Jimla 5,260. Farantin ya ce 5,200. Motar ba ta wuce iyakarta ba, tirelar ma ba ta wuce tata ba, amma su biyun a haɗe sun haura da kilo 60. Sai an sauke buhu biyu. A nan ne akasarin masu lissafi suke tuntuɓe, suna duba iyaka ɗaya su bar sauran.

Masu sayar da ruwa da 'yan kwangilar gini su lura da kyau. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 tan biyu ne kafin a sa nauyin tankin da na tirelar. In kuma rabi aka zuba, nauyi ya ragu amma an sayi wata wahalar: ruwan yana kai-kawo a ciki, ka taka burki ya taho gaba ya tura ka, ka sha kwana ya kwanta gefe guda.

Kada wani ya ce, ai motata tana jan fiye da haka ba ta ko nishi. Gaskiya ne, inji yakan ja. Jaki ma yakan tashi da kayan da ba zai iya sauka gangara da su ba. An yanka waɗannan alƙaluma ne bisa ƙarfin burki, da taya, da sifirin, da shasi. Shi ya sa a Turai tirelar da iyakarta ta wuce kilo 750 dole ta zo da nata burkin. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga da kaya a baya, ya ji warin burki ya cika masa hanci, ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Ajin lasi a Najeriya

Lasin tuƙi a Najeriya aikin hukumomi uku ne: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, da ofishin VIO mai gwada direba, da hukumar tattara haraji ta jiha. A jikin katin akwai harafi guda, shi ne ajin lasin. Ku ciro naku ku duba. Da yawa daga cikinku za su ga B.

Ajin A na babur ne. B na motar gida ce wadda iyakar nauyinta bai kai tan uku ba. C ma ƙasa da tan uku ne, sai dai ya haɗa da ƙananan motocin haya irin su tasi. Daga tan uku zuwa sama an shiga wata duniya. D yana ba mutum damar tuƙa babbar motar kaya, amma an cire masa bas da tasi, an cire masa tirela mai kai da bodi, an kuma cire motar da ke jan tirela a bayanta. E ya fi shi faɗi, abin da ya hana kawai babur ne da tirela mai kai da bodi. Ita wannan ajinta daban, G, kuma nan direbobin tankar mai da na tirelar siminti suke. F na tantan ne da sauran injinan noma, H na katafila da danginta masu haƙa da ture ƙasa, J kuma na masu bukata ta musamman.

Abu biyu ya kamata ku tsaya a kansu a nan.

Na ɗaya, bambancin D da E. Direban tifa ko na gingimari mai lasin D yana kan daidai muddin motar ita kaɗai yake tuƙawa. Ranar da maigida ya ce a ɗaura janareta mai taya ko injin kwaɓa siminti a kai wurin aiki, motar ta zama mai jan tirela, lasinsa kuma bai kai nan ba. Direba ɗaya ne, mota ɗaya ce, ƙugiya kawai aka maƙala, amma hukuncin ya canza. Kamata ya yi mai irin wannan aiki ya nemi E tun kafin bukata ta taso.

Na biyu, iyakar tan ukun nan ta fi kusa da yadda ake zato. Mutane suna ɗauka sai roka ko tifa ce ke haura ta. Akwai manyan jif-jif, irin Land Cruiser, da wasu samfuran Hilux na baya-bayan nan, waɗanda iyakar nauyin da aka rubuta musu ta ɗara kilo 3,000. Ido ba zai gaya muku ba, sai faranti. Wanda ya ga adadin motarsa ya kai nan, ko yake shirin jan tirela da ita a kai a kai, ya je ofishin lasi da takardunsa ya tambayi ajin da ya dace da shi. Tambayar kyauta ce, kuma gara a yi ta a ofis da a yi ta a bakin titi bayan an tare mutum.

Shekaru ma suna da ruwa a ciki. Lasin motar gida daga shekara 18 ne, na haya da manyan motoci kuwa sai mutum ya kai 26. Na san yadda ake koyon babbar mota a tasha: yaron mota ya fara da wanki da sa waigi, ya koma juya mota a gareji, wata rana oga ya gaji a hanya ya miƙa masa sitiyari. Hannu yakan faɗa ta haka, babu musu. Amma gwaninta ba ta zama lasi, kuma ranar da tsautsayi ya gitta, katin za a tambaya, ba shekarun da aka yi a gefen oga ba.

Gudu ma an raba shi bisa nauyi. Ƙaramar mota tana iya kai kilomita 100 a sa'a a kan babbar hanya mai tagwayen layi. Tanka da tirela 60 aka yanka musu a nan, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Janwe kuwa, in tana jan mota, 45 ne ko'ina. Wanda ya ɗaura wa ɗan'uwansa igiya don ya fitar da shi daga daji ya ɗauki wannan adadi na janwe ya riƙe, ya kuma tuna cewa motar da injinta ya mutu burkinta da sitiyarinta sukan yi tauri.

Rajista, lamba da inshora

Wajen yin fatikula ma nauyi da irin aikin mota su ne ke raba rukuni. Launin rubutun lamba yana faɗin aikin: shuɗi na gida, ja na haya, kore na gwamnati. Kuɗin sabunta takardu ya bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ko'ina abin da ake karɓa kan babbar motar kaya ya fi na ƙaramar mota, kuma lambar tirela ta fi tsada. A takardar shaidar lafiyar mota da VIO ke bayarwa akwai gurbin nauyin motar da na abin da aka yarda ta ɗauka. Ku karanta wannan gurbi kafin ku bar ofis. In abin da aka rubuta ya saɓa wa farantin motar, a gyara tun a nan.

Inshora ta fi nuna tazarar a fili. Daga Janairun 2023, hukumar kula da inshora, NAICOM, ta sa kuɗin inshorar dole, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, ya zama naira 15,000 ga motar gida, naira 100,000 ga manyan motocin dakon kaya. Wasu sukan yi wa motar kasuwa takardun motar gida don su rage kuɗi. Arha ce mai tsada. Kamfanin inshora yana biya ne bisa abin da aka gaya masa, kuma in ya gano motar tana aikin da ba shi aka rubuta ba, ko direban ba shi da ajin lasin da ya dace, ya sami ƙofar da zai bi ya ƙi biya. Mai shirin jan tirela ya gaya musu tun farko, ya sa su rubuta.

Haka nan masu ƙara wa mota ganyen sifirin da tsawon bodi. Ƙarin ganye yana hana mota zama, amma bai ƙara wa burki komai ba, bai kuma canza ko adadi ɗaya a kan faranti ba.

In an ƙetare iyaka

Direban da ke shiga Maraɗi ta Jibiya, ko Ƙonni ta Illela, zai tarar da tsarin da ya bi sawun na Faransa. A can iyakar ƙaramin lasi, B, kilo 3,500 ce, ba 3,000 ba. C na manyan motocin kaya ne, D na motocin fasinja, E kuma shi ne na jan tirelar da ta wuce kilo 750. Ku lura, haruffan iri ɗaya ne da namu amma ma'anarsu daban: D a Najeriya ba ya tuƙa bas, D a Nijar kuwa bas ɗin ne aikinsa. Waɗannan alƙaluma biyu, 3,500 da 750, suna cikin yarjejeniyar zirga-zirgar motoci da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968, shi ya sa za ku gan su a ƙasashe da dama. A Faransa kanta, tirelar da iyakarta ta wuce kilo 500 sai an yi mata rajista da lambarta daban.

Ƙasashe sukan sassauta ko su tsaurara. A Birtaniya, daga 16 ga Disamba 2021, an bar mai lasin ƙaramar mota ya ja tirela har mai kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ta daban ba. Amurka kuma da fam take awo. Dokar da ta kafa lasin manyan motocin kasuwanci ta 1986 ce, kuma babban ajinsa, A, yana hawa kan direba idan iyakar mota da tirela a haɗe ta kai fam 26,001, kusan kilo 11,800, tirelar kuma ta wuce fam 10,000, wato kilo 4,536. A can sai a kama mai akori-kura yana jan tirela fanko don kasuwanci, ba don kayan da ya ɗauka ba, sai don alƙaluman faranti biyun da aka haɗa sun haura iyaka. Masu tunanin zuwa aikin tuƙi a waje su san da wannan.

Me ya sa gwamnati ta damu da aksul

Ban da rayuka, akwai titi. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a jihar Ilinoi ta Amurka sun shimfiɗa tituna na gwaji, suka yi ta bin su da motoci masu nauyi daban-daban har suka farfashe. Abin da suka gano shi ne ɓarnar da aksul ke yi wa kwalta ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa. In aka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Wannan ne ya sa za ku ga hanya mai layi biyu, ɓangaren da tireloli ke bi da kaya ya lotsa ya yi kwari, ɓangaren da suke dawowa fanko yana nan lafiya.

Saboda haka ne ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa a Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, suka amince da wata ƙa'ida a 2005, wadda direbobi suka sani da lamba 14. Ta sa iyakar tirela mai aksul shida a kan tan 51, ta kuma yanka wa kowane aksul nasa. ECOWAS ta fitar da irinta a 2012. A sikelin manyan motoci ba jimla kaɗai ake dubawa ba. Mota tana iya zama ƙasa da iyaka gaba ɗayanta, amma a ci ta tara don an tula kayan a kan aksul guda. Buhun siminti 600 tan 30 ne. Masu ɗora 900 sun san abin da suke yi, kuma mu da muke bin hanyar muna biya da tayoyinmu.

A ɓangaren mai, bayan gobarar tanka a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, hukumar kula da harkar mai, NMDPRA, ta hana loda wa tankoki masu lita 60,000 mai daga 1 ga Maris 2025. Sai kuma al'adar nan ta ɗora mutane a saman tirelar shanu ko ta hatsi. Rajistar wannan mota ta kaya ce, ba ta fasinja ba, kuma kowane mutum da ya hau ƙarin nauyi ne a can sama, inda ya fi saurin kayar da mota a kwana. Haka tirelar tantan da ake cika ta da 'yan ƙwadago a kai su gona. Kuɗin motar da aka rage bai kai abin da ake sawa a caca ba.

Aiki

1. Wata mota nauyinta fanko kilo 1,800, iyakarta 2,600. Mutum huɗu za su shiga, kowanne kilo 70. Buhun masara nawa mai kilo 100 za ta ƙara ɗauka?

2. Direba yana da lasin D. An ce ya ja tankin ruwa mai taya da tifarsa. Me za ku gaya masa, kuma wane aji zai nema?

3. A misalin manomin nan, in ya bar yaransa biyu a gida ya tafi shi kaɗai, nauyinsa kilo 70, buhu 50 ɗin za su tafi ko sai an rage? Ku nuna lissafinku.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya sami mota ɗaya, tasa ko ta maƙwabci ko ta tasha, ya nemi izinin mai ita, ya kwafo duk alƙaluman da ke kan farantinta a littafinsa. Mai lasi kuma ya zo da shi, za mu gwada harafin da ke jiki da abin da ya kwafo.